Giwayen da ke bisa dutse

1. Alkawarin kawu

Sabha babban gari ne a kudancin ƙasar Libiya, cikin yankin da ake kira Fazzan. Daga Tarabulus, bakin teku, zuwa Sabha ya fi kilomita 700 a mota. Duk inda mutum ya duba bayan gari, rairayi ne da duwatsu. Ruwan saman da ke sauka can cikin shekara guda bai kai milimita 20 ba. A Maraɗi, hadari ɗaya mai kyau yana iya zubar da fiye da haka kafin a sauke tuwon dare.

Bisa wani tudu, gefen gari, akwai tsohon sansanin soja da Italiyawa suka gina. A 1943 sojojin Faransa suka taso daga Cadi, ƙarƙashin Janar Leclerc, suka kama Fazzan. Sun riƙe yankin har 1951, shekarar da Libiya ta samu ƴancin kanta.

Hausawa sun san Fazzan tun kafin a san mota. Ayarin raƙuma kan tashi daga Kano, Katsina ko Damagaram, ya bi ta Agadas da Gat, ko kuwa ta Bilma da Murzuk. Raƙuman na ɗauke da jan fata, da baƙin rini, da gashin jimina, da hauren giwa. Bayi ma an kora su ta wannan hanya da ƙafa, da yawansu ba su ga ƙarshenta ba. Daga baya ƴan Nijar suka riƙa zuwa Sabha neman aiki: magina, teloli, masu aikin garka, direbobi.

A shekarun da suka gabaci 2011, baƙi masu yawon buɗe ido suna zuwa Fazzan da lokacin ɗari. A lokacin nan akwai wani yaro ɗan shekara 12, haifaffen Damagaram, da ke zaune a Sabha tare da iyayensa. Kawunsa direba ne. Yana tuƙa babbar mota kat-kat, yana kai baƙi cikin hamada. Wata rana da dare, suna shan shayi a ƙofar gida, kawun ya ce:

« Jibi zan kai wasu baƙi wurin giwaye. Akwai wuri ɗaya a bayan mota. In babanka ya yarda, sai ka zo ka riƙa taya ni da kaya. »

Yaron ya zabura. Bai taɓa ganin giwa ba sai cikin littafin makaranta.

« Kawu, giwaye na gaske? A nan ƙasar? »

« Ka dai shirya bargonka, in ji kawun. Idonka zai ba ka labari. »

Daren nan yaron bai yi barcin kirki ba.

2. Inda kwalta ta ƙare

Motoci biyu suka tashi bayan sallar asuba. Ba a shiga hamada da mota ɗaya, don in ta lalace babu mai kawo gudummawa. Su takwas ne: baƙi huɗu, direbobi biyu, yaron, da wani dattijo mutumin Ubari, mai jin Tamashek da Larabci da Hausa. Shi ne jagora. An ɗaure tayoyin canji bisa mota, da shebur, da famfon iska, da itacen wuta, da gangunan mai. Ruwa kuwa bido goma ne, kowane lita 20. Kawu ya ƙirga su sau biyu kafin ya tada mota.

Da farko tafiyar daɗi gare ta. Kwalta ta miƙe yamma cikin wani dogon kwari mai suna Wadi al-Hayat. Ga dabino, ga garake, ga ƙauyuka jere. Hannun dama, manyan tuddan rairayi ne, ja kamar garin barkono. Hannun hagu kuwa, wani baƙin dutse ne ya tsaya kamar bango, ba a ganin ƙarshensa.

Bayan wajen kilomita 150 suka isa Jarma. Sunan ya yi kama da na Zabarmawa, amma babu abin da ya haɗa su. Jarma ita ce tsohuwar hedkwatar wasu mutane da ake kira Garamantawa. Wani marubucin Girka, Herodotus, ya ba da labarinsu fiye da shekara 2 400 da suka wuce, ya ce suna da kekunan yaƙi da dawaki huɗu ke ja. Amma babban aikinsu yana ƙarƙashin ƙasa. Sun haƙa rijiyoyi jere, sun haɗa gindinsu da rami, ruwa na gangarowa daga gindin dutse har cikin gonaki ba tare da guga ba. Da haka suka noma alkama da dabino da inabi cikin tsakiyar hamada, ɗaruruwan shekaru. Da ruwan ƙasa ya yi nisa, ramukan suka bushe, ƙarfin Garamantawa ya tafi tare da shi.

Daga Jarma aka rabu da kwalta. Nan wahala ta soma.

Motocin suka hau bisa baƙin dutsen nan. Sunansa Mesak Satafat. Da Tamashek, kalmar ta biyu tana nufin baƙi. Sama shimfiɗe yake kamar faifai, amma cike da duwatsu, daga mai girman ƙwai har mai girman tukunya. Babu ciyawa, babu inuwa, ko tsuntsu babu. Irin wannan fili na duwatsu shi ne Larabawa ke ce ma hamada, daga nan Hausa ta aro kalmar ta sa ma sahara duka. In aka fasa dutse ɗaya, cikinsa fari-fari ne. Baƙin kamar tsatsa ne da ya hau bayansa a hankali cikin dubban shekaru.

Mota ba ta gudu a nan. Tana tafiya tana tsalle, kan yaron na bugun rufi, haƙoransa na haɗuwa. Ƙura ta shiga hanci, ta shiga kunne, ta shiga har cikin buhun burodi. Kafin azahar taya ɗaya ta fashe. Aka sauka, aka ɗaga mota, aka canza. Ba a yi awa guda ba ta biyu ta bi ta. Wannan sai da kawu ya zauna ƙasa ya yi mata faci, yaron na riƙe masa da kayan aiki, rana na dukan ƙeyarsu.

Da la'asar suka gangaro wani wuri mai laushin rairayi. Yaron ya yi murna, ya ce tsalle ya ƙare. Ashe rairayi ya fi dutse mugunta. Motar gaba ta nutse har ciki, tayoyinta na juyawa a banza suna haƙa ma kansu rami. Kawu ya kashe inji.

« Kowa ya sauka! Ɗana, kawo shebur. »

Aka rage iskar tayoyi don su baje bisa rairayi, kamar yadda tafin raƙumi ke bajewa. Aka kwashe rairayin da ke gaban kowace taya, aka shimfiɗa dogayen faranta na ƙarfe. Baƙi da direbobi duka suka sa kafaɗa suka tura. Motar ta yi taki goma ta sake nutsewa. Sau uku ana haka. Da suka fita, sai kuma aka koma bisa famfo ana mayar da iskar da aka rage.

Yaron ya ruga wurin bido, ya cika moɗa, ya sha, ya ɗebo ta biyu zai zuba ma kansa. Dattijon ya riƙe masa hannu.

« A'a, yaro. Wannan na ciki ne, ba na kai ba. Daga nan zuwa rijiya akwai nisa. »

« To, Baba. »

Sun kwana a gindin wani tudu. Dattijon ya kwaɓa garin alkama, ya ture garwashi gefe, ya binne ƙullun cikin rairayi mai zafi, ya maida garwashin sama. Da ya tono gurasar ya kakkaɓe ta, ko tsakuwa ɗaya babu a ciki. Tagella ke nan, abincin matafiyan hamada. Bayan an ci, ɗari ya sauko, irin wanda yaron bai taɓa ji ba ko da tsakiyar hunturu a Damagaram. Ya duƙunƙune cikin bargo yana rawar jiki. Wata tambaya ta hana shi barci. Ya tuna malaminsu ya ce giwa tana son ruwa da ganye. Yau kuwa tun safe bai ga ko tabki ɗaya ba. To, giwayen nan me suke sha?

3. Kori Matandus

Washegari da hantsi suka isa bakin wani busasshen kori, wajen kilomita 150 daga Jarma. Sunansa Matandus. Ƴan itatuwan ƙaya ne jefi-jefi cikin rairayi. Gefe guda kuma duwatsu ne manya, sun hau kan juna kamar an tara buhuna.

Yaron ya riga kowa sauka. Ya duba gabas, ya duba yamma. Ya duba ƙasa ko zai ga sawu. Babu kome sai sawun ƙadangare.

« Kawu, ina giwayen? Sun gudu ne? »

Kawu ya yi dariya. Dattijon bai yi ba. Ya kama kafaɗar yaron, ya juya shi wajen dutse, ya nuna da sandarsa.

« Ga su nan. Sun daɗe suna jiran ka. »

Da fari yaron bai ga kome ba sai tsage-tsagen dutse. Can sai layukan suka haɗu a idonsa. Ga faffaɗan kunne. Ga dogon hanci ya lanƙwasa. Ga haure, ga ƙafafu huɗu kamar turame, har da ɗan wutsiya. Giwa ce, an sassaƙa ta a jikin dutse.

Ran yaron ya ɓaci. Kwana da yini yana shan tsalle da ƙura da ɗari, ashe zane aka kawo shi gani! Ya zauna bisa wani dutse ya juya baya. Ba wanda ya ce masa kome. Ba laifinsa ba ne: wanda aka yi ma alkawarin nama, aka miƙa masa hoton rago, dole ya ɓata fuska.

Amma zama bai yi masa ba, don baƙin sun yi gaba suna ta kiran juna. Ya tashi ya bi su. Cikin korin nan, tafiyar da ba ta fi ta zuwa kasuwa ba, ya ga abin da bai taɓa zato ba. Ga raƙuman dawa da dogayen wuyansu. Ga karkanda. Ga jimina, ga ɓauna mai manyan ƙahoni. Ga wata doguwar dabba kwance da ɗanta a baya, wadda aka fi ɗauka kada ce. Ga wasu halittu biyu kamar kyanwa, sun miƙe bisa ƙafafun baya suna fuskantar juna, sai ka ce ƴan dambe. Akwai ma mutane masu kan kare suna jan mushen karkanda. Cikin sauran koramun Mesak akwai dorina, akwai shanu birjik, har da inda aka zana ana tatsar nono.

Yaron ya matsa kusa da wata giwa. Layin zanen ya nutsa cikin dutse, yatsa na iya kwanciya a ciki, kuma sumul yake kamar bakin tsohon turmi. Mutanen da suka yi shi ba su da ƙarfe. Da dutse suka yi ta saran dutse, ɗigo bayan ɗigo, sa'an nan suka goge layin har ya yi santsi. Aikin giwa ɗaya ba na yini guda ba ne.

« Baba, wanda ya zana wannan, a littafi ya gani? »

« Wane littafi? Dubi gwiwarta. Dubi yadda ta ɗaga kunne. Wanda bai tsaya gaban giwa ba, ba ya sanin wannan. »

Yaron ya yi shiru. Sai tambayar daren jiya ta dawo masa. Ya koma wurin mota, ya tsaya gaban bidunan ruwa yana lissafi da yatsu. Bido goma, kowane lita 20: lita 200 ke nan, guzurin mutum takwas. Babbar giwa kuwa tana shan lita 100 zuwa 200 a rana ɗaya, tana cin ganye da ciyawa wajen kilo 150. Ashe duk ruwan da suka ɗauko, na giwa guda ne, na yini guda! Giwa kuma ba ta tafiya ita kaɗai, garke take yi. Dorina da kada kuwa cikin ruwa suke wuni.

Ya dawo da gudu.

« Kawu! Korin nan da can gulbi ne! »

« To, ka ga giwayen ke nan, » in ji kawu.

4. Lokacin da sahara ke kore

Yaron ya faɗi gaskiya. Tsakanin wajen shekara 11 000 da shekara 5 000 da suka wuce, sahara ba haka take ba. Daji ce mai ciyawa da itatuwa da tabkuna. Zanen giwayen Mesak ya haura shekara 5 000, wato ya girmi manyan dalar Masar.

Me ya kawo ruwan, me kuma ya ɗauke shi? Duniya tana juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa. Wanda ya lura da katantanwa ya san ba a tsaye cak take juyawa ba, kanta na ɗan layi. Duniya ma haka take, sai dai layinta ɗaya yana cin fiye da shekara 20 000. A wancan zamani, layin ya sa zafin bazara ya fi na yanzu ƙarfi a arewacin Afirka. In ƙasa ta yi zafi ƙwarai, takan jawo iska mai ɗauke da ruwa daga teku. Ita ce iskar damina da ke zo mana daga kudu maso yamma. Yau ƙarfinta na ƙarewa wajen duwatsun Abzin. A da kuwa tana zarcewa can cikin sahara. Da layin duniya ya sauya, damina ta riƙa ja da baya. Tabkuna suka ƙafe, ciyawa ta ƙare, dabbobin da ke iya tafiya suka bi ruwa kudu. Makiyaya ma suka bi su da shanunsu.

Ba zanen dutse kaɗai ke ba da wannan shaida ba. Yamma da Mesak, cikin duwatsun Akakus kusa da Gat, masana sun tono fasassun tukwane a wani kogo mai suna Takarkori. A 2012 aka bayyana cewa akwai sauran maiƙon nono a jikinsu, na wajen shekara 7 000. A Nijar, a Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa bisa dutse, tsawonsa ya fi mita 5. A Gobero, cikin Tenere, inda yau ko ɗigon ruwa babu, an gano a shekarar 2000 kaburburan mutanen da suka zauna bakin tabki suna kamun kifi. A Dufuna, cikin jihar Yobe ta Najeriya, wani makiyayi na haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai shekara wajen 8 000. Tabkin Cadi kansa ya taɓa zama kamar teku, ya fi ƙasar Sanagal da ta Benin faɗi in aka haɗa su.

5. Abdulkarim da giwaye 96

Baturen farko da ya ba duniya labarin zanen Mesak shi ne Heinrich Barth, Bajamushe, wanda aka sani a ƙasashenmu da suna Abdulkarim. Ya tashi daga Tarabulus cikin watan Maris na 1850, bisa raƙumi. Wahalar da yaronmu ya sha cikin kwana biyu, shi watanni ya yi yana shan ta. Ya sauka Murzuk, ya nufi Gat. Cikin watan Yuli ya ratsa wani kori na Mesak mai suna Tilizagen, ya ga shanu sassaƙe a jikin dutse. Ya lura da abu biyu: shanu ba su rayuwa inda babu ruwa, kuma cikin tsofaffin zanen babu raƙumi ko ɗaya. Daga nan ya gane ƙasar ta taɓa zama mai damshi. A 1932 wani Bajamushen, Leo Frobenius, ya zo da masu zane, suka kwafi dabbobin koramun nan, har da giwaye.

Kwanaki kaɗan bayan Tilizagen, Abdulkarim ya kusa rasa ransa. Ya bar ayari ya hau dutsen Idinen shi kaɗai, ko da yake mutanen wurin sun hana shi. Ya ɓata, ruwansa ya ƙare. Ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jinin hannunsa. Sai washegari wani mutumin ƙasar ya bi sawunsa, ya same shi kwance, ya ba shi ruwa. Ilimi mai yawa gare shi, amma ran nan jagora ya fi shi gaskiya.

Ya isa Agadas cikin Oktoba 1850. Ya bi ta Tasawa da Katsina, ya shiga Kano cikin Fabrairu 1851, ya wuce Barno. Cikin Satumba 1851, shekara ɗaya da rabi bayan barin Tarabulus, yana tafiya bakin tabkin Cadi, wajen Gigimi, sai ga garken giwaye na gangarowa shan ruwa a hankali. Manya a gaba, ƴaƴa a tsakiya, wasu ƙattin toraye biyar a can baya suna tsaro. Ya tsaya ya ƙirga su: 96.

Da zai koma gida a 1855, ya sake ratsa sahara ta Bilma da Murzuk. Cikin masu rakiyarsa akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, sunansa Dorugu, wanda aka ƴanta daga bauta. Dorugu ya kai har Ingila, ya kuma ba da labarin tafiyarsa da Hausa, aka rubuta.

Yau tabkin Cadi ya ja baya nesa da Gigimi. Wanda ya je can neman garke irin na Abdulkarim zai dawo bai gan shi ba.

6. Ina masu ran suke?

Da yamma, suna shan shayi cikin kori, yaron ya tambayi kawunsa inda zai ga giwa mai numfashi.

« Sai ka koma gida, ka wuce Yamai, » in ji kawu.

Gandun dajin W yake nufi, wajen kilomita 150 kudu da Yamai, inda kogin Kwara ya yi lanƙwasa kamar harafin W. An kafa shi a 1954, kuma a 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Ya haɗe da dazuzzukan Benin da Burkina Faso, giwaye na kai da kawowa tsakaninsu ba tare da takardar iyaka ba. Akwai kuma garke a Yankari, cikin jihar Bauci, da wani a Gurma ta ƙasar Mali, wanda ke zagayen ɗaruruwan kilomita kowace shekara yana bin tabkuna.

Ƙasar Hausa ma ta san giwa. Akwai gari mai suna Giwa kusa da Zariya. Maroƙa na yi ma sarki kirari da toron giwa, kuma in baƙo ya rasa girman da yake da shi a gida, akan ce giwa a garin wani zomo ce. A shekarun 1980 da 1990 wani garke ya riƙa shigowa dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi. Akwai dattawan da suka gan su da idonsu.

Giwayen Fazzan ƙarancin ruwa ya kore su, cikin dubban shekaru. Na zamaninmu kuwa, abin da ke korar su ya fi sauri: bindigar masu neman haure, da gatari, da gonakin da ke cin daji. Manomin da giwaye suka tattake masa gero cikin dare ɗaya yana da tasa hujjar, ba a raina ta. Amma giwa tana ɗaukar ciki wata 22, ta haifi ɗa guda. Garken da aka harbe cikin mako ɗaya, shekaru masu yawa ba su mayar da shi. A 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin haure tsakaninsu. Ƙidayar da aka fitar a 2016 ta ce giwayen Afirka duka wajen 415 000 suka rage. Tun wajen 2020 kuma, rashin tsaro ya hana baƙi shiga W ta ɓangaren Nijar, ya kuma tsananta aikin masu gadin daji.

Na dutsen ma ba su tsira ba. Manyan motocin masu neman man fetur sun tsaga hanyoyi bisa Mesak. A 2009 wani ya fesa fenti bisa tsofaffin zanen Akakus. Bayan yaƙin 2011 baƙi suka ɗauke ƙafa, direbobi irin kawu suka nemi wani aiki, kuma a 2016 UNESCO ta sa Akakus cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari.

Da safe, kafin su juya, ɗaya daga cikin baƙin ya ɗauko gorar ruwa zai watsa ma wata giwa don ta fito da kyau cikin hoto. Dattijon ya ɗaga sanda ya girgiza kai. Ruwa da alli da yawan shafa hannu suna cin baƙin da ke bayan dutse. Baƙon ya ji kunya, ya rufe gorarsa. Yaron ya fiddo littafin rubutunsa, ya zauna nesa kaɗan, ya kwafi giwar da fensir. Kunnen ya ba shi wuya, sau uku yana gogewa. Kawu ya duba tayoyi, ya ƙirga bidunan da suka rage: huɗu da rabi. Ya busa oda.

Kalmomi

giwa : l'éléphant
hauren giwa : l'ivoire
raƙumin dawa : la girafe
dorina : l'hippopotame
karkanda : le rhinocéros
jagora : le guide
sassaƙa a dutse : la gravure rupestre

Tambayoyi da aiki

1. Don me ba a shiga hamada da mota ɗaya?
2. Don me direbobi suka rage iskar tayoyi cikin rairayi?
3. Yaya yaron ya gane cewa korin Matandus gulbi ne a da? Ku faɗi lissafin da ya yi.
4. Wane abu ne Abdulkarim bai gani ba cikin tsofaffin zanen Tilizagen?
5. Matafiyan sun taso da bido 10 na lita 20. Ran komawa saura bido huɗu da rabi. Lita nawa suka yi amfani da ita?
6. In kowace giwa tana shan lita 150 a rana, lita nawa garken da Abdulkarim ya gani zai sha cikin rana ɗaya?
7. Ku nemi Sabha, Murzuk, Gat, Agadas, Bilma da Gigimi bisa taswirar Afirka. Ku ja layin tafiyar Abdulkarim da jan alli, na komawarsa da fari.
8. Ku tambayi wani tsoho ko wata tsohuwa a garinku sunayen namun dajin da suka gani suna yara, waɗanda ba a gani yanzu. Ku rubuto sunayen da Hausa da Faransanci.